In Mai Gida Ya Ce Zai Ɗora Ka a Na'urar Gano Ƙarya

Ranar wata Laraba bayan sallar isha'i ina zaune kan dakali a ƙofar gidanmu da ke Ƙofar Marusa, sai ga ɗan ƙanwata ya tsaya da babur, ko fitilar bai kashe ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini wata takarda da ta sha ninki har gumi ya jiƙa gefenta.

"Kawu, jibi za su ɗora mu a na'ura. Wai ita za ta faɗi ɓarawon."

Yaron mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba kayan sola da ke kan hanyar Kano. An yi ƙidayar kaya ta ƙarshen wata, aka tarar babu batir shida, manya, irin waɗanda kuɗin guda ɗaya ya fi albashinsa na wata uku. Hedikwatarsu ta Legas ta ce za ta turo mutum da na'urar gano ƙarya a gwada su huɗu: shi da mataimakinsa da direba da mai gadin dare. Takardar ta amincewa ce, an ce kowa ya sa hannu ya mayar kafin ƙarfe goma na safe.

Na haska ta da fitilar waya. Sakin layi uku ne da Turanci. Na farko ya ce na yarda a gwada ni bisa raɗin kaina, ba wanda ya tilasta ni. Na biyu ya ce duk matakin da kamfani ya ɗauka bisa sakamakon gwajin na amince da shi. Na uku, da ƙananan baƙaƙe, ya ce in sakamakon bai wanke ni ba a cire kuɗin kayan daga albashina. Na ninke ta na sa a aljihuna. Na ce masa, "Ɗana, ka bar zancen na'ura tukuna. Wannan takardar ita ce za ta kashe ka."

Ni ba lauya ba ne. Shekara 14 na yi ina akawu a wani defo na lemun kwalba a nan Katsina, shida daga ciki ni ne sakataren reshen ƙungiyarmu ta ma'aikata. A nan na koyi karanta dokar ƙwadago, don kusan duk wata sai na raka wani ofishin ƙwadago. Abin da na gaya wa yaron a daren nan shi zan faɗa, don kamfanonin tsaro masu zaman kansu sun fara tallar wannan gwaji, kuma masu gida suna saye.

Ka fara sanin abin da za a ɗora ka a kai. Sunanta foligiraf. Wani ɗan sanda mai suna John Larson ne ya harhaɗa ta a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1921, kuma har yau abin da take aunawa bai canja sosai ba: numfashi, bugun zuciya, da hawa da saukar jini, sai daga baya aka ƙara gumin 'yan yatsu. Ita ba ta jin magana, ba ta san gaskiya ba balle ƙarya. Zane kawai take yi, mutum ne ke duba zanen ya ce ga ma'anarsa. Duk ginin ya tsaya ne kan karin maganar nan tamu, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. To amma akwai ɗaya karin maganar da masu na'urar ba sa so a tuna, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Yaron da albashinsa ke ciyar da uwarsa da ƙannensa huɗu, aka ɗaure shi da wayoyi aka tambaye shi ko shi ya saci batir, me kake zaton zuciyarsa za ta yi? Shi kuwa gwanin ɓarawo yakan wuce salin alin. Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asiri ta CIA da ya shekara da shekaru yana sayar wa Tarayyar Sobiyet asirai, ya ci wannan gwaji a 1986, ya sake ci a 1991, ba a kama shi ba sai 1994. A 2003 babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto mai kauri a kan na'urar, ta ce ba abin dogaro ba ce wajen tace ma'aikata, don za ta shafa wa masu gaskiya da yawa kashin kaji.

Can inda aka ƙirƙiro ta sun daɗe da taka mata birki. A watan Yunin 1988 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar kare ma'aikata daga wannan gwaji, ta fara aiki a Disambar shekarar. Dokar ta hana mafi yawan kamfanoni masu zaman kansu su nemi ma'aikaci ko mai neman aiki ya hau na'urar, ko da shawara ce suka ba shi, ta kuma hana a kore shi ko a hukunta shi don ya ƙi. Ba ta shafi ma'aikatan gwamnati ba, kuma an sassauta wa kamfanonin gadi da na jigilar kuɗi da masu harkar magungunan da hukuma ke sa wa ido. Sai ƙofa guda da aka bar wa sauran: in an yi takamaimiyar asara kamar sata ana kan bincike. Ko a nan ma sharuɗɗan suna da tsauri. Sai an ba ma'aikaci takarda awa 48 kafin gwajin, ban da ranakun hutu, an rubuta abin da ya ɓace, da yadda hannunsa ke iya kaiwa ga kayan, da dalilin da ya sa shi musamman ake zargi. Riƙe makulli kaɗai bai isa dalili ba. Giɓin da aka gani a ƙidayar kaya shi kaɗai bai isa a kira shi takamaimiyar sata ba. Ba a tambayarsa addininsa, ko siyasarsa, ko ƙungiyar ƙwadagonsa, ko abin da ya shafi shimfiɗarsa. Yana da damar ya ce a tsaya a kowane lokaci. Kuma ko na'urar ta ce ya yi ƙarya, ba a korarsa sai da wata hujja daban. Ɗan'uwanmu da ke aiki a can in aka taka masa wannan haƙƙi, sashen albashi da lokutan aiki na Ma'aikatar Ƙwadagon Amurka zai kai ƙara, ko ya je kotu cikin shekara uku, kuma babu takardar ɗaukar aikin da za ta raba shi da haƙƙin.

Wannan doka ta Amurka ce, ba ta aiki a hanyar Kano. Na kawo ta ne don ta zame maka ma'auni. Da a can ne, gwajin da aka shirya wa ɗan ƙanwata ya faɗi tun daga tushe: giɓin ƙidaya ne, kuma babu abin da ya haɗa mutanen huɗu da zargi sai kusancinsu da sito. Tamu Dokar Ƙwadagon ba ta ambaci na'urar ba ko da sau ɗaya. Kariyarka a nan a warwatse take cikin dokoki daban-daban, sai ka tsinto ta.

Abu na farko, kar ka sa hannu a ranar da aka ba ka takarda. Kar kuma ka yage ta ko ka ɗaga murya. Manaja yana jiran ɗaya daga cikin biyun ne, sa hannunka ko rashin kunyarka, don kowanne ya samu ya ishe shi. Karɓi takardar da hannu biyu, ka ce, "Ranka ya daɗe, zan nuna wa manyana in dawo da amsa a rubuce." Ka ɗauki hotonta da wayarka tun kafin ka bar harabar. In an hana ka fita da ita ko ɗaukar hoto, ka riƙe wannan a ranka da rana da lokaci, zai yi amfani gaba.

Daga nan ka koma gida ka tono takardar ɗaukarka aiki. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai gida ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Yawancinmu ba mu da ita, aikin amana ne, wani ya kawo wani. In kana da ita, duba ko an ambaci irin wannan gwaji a ciki ko a littafin ƙa'idojin ma'aikata. Ta yaron nan a ƙarƙashin katifar uwarsa aka samo ta, cikin leda tare da takardar haihuwarsa, kuma babu zancen na'ura a ko'ina. Sharaɗin da ba ka shiga aiki a kansa ba, ba a ƙaƙaba maka shi rana tsaka sai da yardarka. Shi ya sa suke neman sa hannun.

Sai ka rubuta amsa. Wannan shi ne matakin da mutanenmu suka fi tsallakewa, a je a yi ta rantse-rantse a ofis ana kuka, magana ta bi iska. A daren nan muka zauna a zaure, na faɗa yana rubutawa. Gajeriya ce. Ta ce yana baƙin cikin ɓatan kayan, kuma a shirye yake ya ba da haɗin kai ga duk binciken da za a yi. Ta nemi a ba shi zargin da ake masa a rubuce. Ta nemi a binciki littafin sito, da takardun fitar da kaya, da littafin mai gadi na bakin get, da hoton kyamara, na wata biyun da suka wuce. Ta yi tambaya huɗu: wane ne zai yi gwajin kuma da wace shaida, waɗanne tambayoyi za a yi, wa zai ga sakamakon, kuma me zai biyo baya in mutum bai amince ba. Ta ƙare da cewa ba zai iya sa hannu a sakin layi na biyu da na uku ba. Muka yi kwafi biyu a shagon buga takardu da safe, ya kai ɗaya, ya sa sakatare ta buga hatimi da kwanan wata a ɗayan. In sun ƙi buga hatimi, tura hotonta ta WhatsApp ga manaja, ka adana shaidar ya karanta.

Tambayar nan ta wa zai ga sakamakon tana da haƙori. A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, kuma akwai hukuma a Abuja da ke kula da ita. Dokar ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu tsananin sirri, ta ce amincewa sai ta zama da yardar rai kuma mutum ya san abin da ya amince da shi, tana kuma ba shi damar janyewa, da damar neman kwafin abin da aka tattara a kansa. A fahimtata, hawan jininka da bugun zuciyarka bayanin lafiyarka ne, kuma yardar da aka karɓa da barazanar kora da wuya ta amsa sunan yardar rai. Ga kuma sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 mai kare sirrin ɗan ƙasa, da na 34 mai kare mutuncinsa. In ke mace ce, wannan na ƙarshen ya fi shafar ki, don ɗamara biyu ake ɗaurawa, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, kuma yawanci namiji ne mai ɗaurawar. Kina da cikakken dalilin ki ce a'a, ko ki ce sai mace.

Batun yankan albashi kuwa a fili yake. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai gida cin tarar ma'aikaci daga albashinsa, ya ma hana a ƙulla yarjejeniya a kan haka. In asara ce da ganganci ko sakacin ma'aikaci ya jawo, ana iya cire abin da ya dace, amma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna. Kuma jimillar abin da za a yanka a wata ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan. Dokar ta fi shafar leburori da akawuna da direbobi da masu gadi. Manyan ma'aikata da ƙwararru takardar aikinsu ce madogararsu. Wato sakin layi na uku na takardar nan ba shi da ƙafar tsayawa tun farko. Sun sa shi ne don sun san mutum in ya sa hannu sai ya ɗauka bakin alƙalami ya bushe, ba zai ƙara motsi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙin hawa na'urar yana iya cin aikinka. Mai gida na iya sallamarka da notis: sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda daga shekara biyar zuwa sama, ko ya biya ka kuɗin kwanakin. Amma sallama daban, kora da tambarin sata daban. In ya rubuta cewa sata ce dalili, nauyin tabbatarwa ya hau kansa. Tun gyaran Tsarin Mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai hurumin shari'o'in aiki, har da ikon duba zaluncin wurin aiki da auna shi da yadda ake yi a duniya. Tana zama a Kano. Kafin ka kai can, fara da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a nan Katsina, sukan kira mai gida a sasanta, kuma ba a biyan ko sisi. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, akwai ta kare haƙƙin ɗan'adam, akwai ta taimaka wa marasa ƙarfi da lauya. In kana da ƙungiya, sakatarenku ya sani tun ranar farko.

To in ka auna ka ga gara ka hau, don wani ba zai iya ɗaukar asarar aikin ba, ka hau da idonka a buɗe. Soke sakin layin da ba ka yarda da shi ba ka sa hannu a gefen sokewar. Nemi tambayoyin a rubuce kafin a fara, da harshen da kake ji. Kar ka amsa tambayar Turancin da ka fahimci rabinta. In kana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko asma, ko juna biyu, ko kana shan wani magani, kawo takardar likita. Ka tafi da shaida, ko da a waje zai zauna. Ka yi barci, ka karya kumallo, ka rabu da dabarun da ake yaɗawa na cizon harshe da taka ƙusa a takalmi, masu gwajin sun san su, kuma da sun gani za su rubuta ka yi maguɗi.

Ranar Juma'ar na bi yaron. Ni da shi muka zauna a benci a baranda, ta taga ina hango ɗakin. Ba wani abin a zo a gani: kwamfuta 'yar tafi-da-gidanka a kan tebur, wani ɗan akwati kamar na cajin waya, ɗamara biyu masu kama da tiyo, abin awon jini irin na asibiti, da wasu 'yan ƙarafa biyu da ake maƙalawa a yatsu. Mai gadin dare ne ya shiga, dattijo ne daga wajen Batagarawa, ya dangwala yatsa a takardar tun ranar Laraba ba tare da kowa ya karanta masa ba. An zaunar da shi yana fuskantar bango. Fiye da awa ya yi. Da ya fito hularsa a hannu, ya zauna kusa da ni yana haki.

"Malam, mi ya haɗa batir da abin da na yi ina yaro? Ya ce in faɗi ko na taɓa ɗaukar abin da ba nawa ba tun da aka haife ni."

Haka tsarin yake. Ana cakuɗa tambayar da ake nema da wasu faffaɗan tambayoyi da kowane ɗan'adam zai yi jim kafin ya amsa, sai a kwatanta yadda jiki ya motsa a nan da can. Amma inda aka fi kama mutane shi ne bayan an cire wayoyin. Mai gwajin ya juyo da kujerarsa, ya sassauta murya, ya ce, "Baba, na'ura ta nuna akwai abin da ke damun ka. Faɗa mini in taimake ka." Dattijon, don ya wanke kansa daga sata, sai ya ce gaskiya wani dare ya bar get ya je sallar asuba a masallacin da ke tsallaken titi. Aka rubuta, ya dangwala. A wannan gaɓar amsarka ɗaya ce: "Na faɗi abin da na sani, ba ni da ƙari. Ina neman kwafin sakamakon." Ka tashi.

In aka kira 'yan sanda, suna da hurumin binciken sata, kar ka yi gardama da su. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a cikin garin Katsina akwai. Sashe na 36 ya ce kai mara laifi ne har sai an tabbatar. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, kuma iƙirarin da aka tatsa da matsi kotu na watsar da shi.

A gaskiya a garin nan abin da aka fi yi mana ba na'ura ba ce. Alƙur'ani ake ɗaukowa a ce kowa ya yi alwala ya dafa, ko a kirawo mai duba ya buga ƙasa ya nuna wani. Na ga an yi a defonmu, na ga wanda aka nuna ya bar garin da iyalinsa. Dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, ta haramta gwaji irin na shan gwaska, kuma hadisin Ibn Abbas da muka haddace a Arba'una ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. A gaban alƙali ake wannan, bayan mai ƙara ya kasa kawo shaidu, kuma wanda ya rantse ya kuɓuta. Manajan da zai rantsar da kai sannan ya yanke albashinka bai bi ko ɗaya ba. Matakan da na lissafa su ne dai a nan ma: a rubuta zargin, a buɗe littattafai.

Ɗan ƙanwata bai hau ba. Aka dakatar da shi mako biyu. Da mai binciken kuɗi ya zo daga Legas ya bi takardun da wasiƙarmu ta lissafa, sai ga batir huɗu an ɗora su a motar reshen Funtuwa ranar da yaron ke hutu, ba a shigar a littafi ba. Biyun har yau ba a gan su ba. Aka dawo da shi aiki, amma manaja ya daina amsa gaisuwarsa, bayan wata uku ya ajiye da kansa ya karɓi haƙƙinsa cif, yanzu yana haɗa sola a gidaje shi da abokinsa. Dattijon kuwa sun fara yankar masa rabin albashi da sunan sakaci. Wata na biyu ɗansa ya kawo shi gidana da takardar biyan albashin a hannu. Na ce su zo ranar Litinin da ƙarfe tara, mu hau Keke Napep zuwa ofishin ƙwadago, kuma ya taho da littafin get in har yanzu yana wurinsa.